Darasi a Kan Ciwon Ƙafa da Wahalar Tafiya

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abubuwa huɗu da ƙafa ke dogara da su wajen tafiya;
2. bambanta ciwon gaɓa da na jijiyar laka da na jijiyar jini;
3. lissafa alamomin da ba a kwana da su a gida;
4. yi wa ma'aikacin lafiya bayanin ciwonsa dalla-dalla;
5. kula da mai ciwon ƙafa a gida, har da nuna masa yadda ake riƙe sanda.

Gabatarwa

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ba zumunta kaɗai ba. Gona, kasuwa, rijiya da masallaci, duk da ƙafa ake zuwa. Ranar da ƙafar maigida ko ta uwargida ta ƙi, abincin gida yakan ragu, kuma dole wani ya ajiye sana'arsa ya zauna jinya.

In ka tambayi mai ɗingishi abin da ke damunsa, amsar da ka fi ji ita ce "sanyi ne" ko "tsufa ne". Daga nan sai a aiki yaro kemis a haɗo magani. Abin da wannan darasi ke son mu riƙe shi ne, ciwon ƙafa alama ce, kuma cututtuka iri-iri ne ke kawo ta. Wasu hutu da motsa jiki sun ishe su. Wasu kuwa jinkirin kwana guda yana iya jawo asarar ƙafa, ko ma rai. Wanda ya san bambancinsu ya san lokacin haƙuri, ya san lokacin gaggawa.

1. Abubuwa huɗu da ke sa ƙafa tafiya

Na farko, ƙashi da gaɓa. Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Ƙashin cinya ya fi kowanne tsawo, kuma daga idon sawu zuwa yatsu akwai ƙananan ƙasusuwa 26 a kowace ƙafa. Manyan gaɓoɓin da ke ɗaukar nauyinmu su ne ƙugu, gwiwa da idon sawu.

Na biyu, tsoka. Ita ke jan ƙashi, ta lanƙwasa gaɓa, ta miƙe ta. Tsokar da ta daɗe ba ta aiki takan rame, ta yi rauni.

Na uku, jijiyoyin laka. Su ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa, su biyo ta cikin ƙashin baya su kai wa tsoka. Su ne kuma ke mayar da labari cewa an taka ƙaya ko ƙasa ta yi zafi.

Na huɗu, jijiyoyin jini. Wasu na kai jini ƙafa daga zuciya, wasu na mayar da shi.

Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya sami matsala, tafiya ta sami matsala. Kowanne kuma da irin ciwonsa.

> Akwatin kalmomi na 1
> Gaɓa: mahaɗar ƙashi da ƙashi, inda jiki ke lanƙwasa.
> Guringuntsi: abu mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙashi a cikin gaɓa, don kada ƙasusuwa su riƙa gogar juna.
> Laka: farar igiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya.
> Jijiyar laka: siririn zaren da ke kai saƙo tsakanin laka da sauran jiki.
> Jijiyar jini: hanyar da jini ke bi.

2. Ciwon da ke cikin gaɓa

Wanda ya fi yawa a cikin manya shi ne amosanin gaɓɓai. Guringuntsin gwiwa ko na ƙugu yana cinyewa a hankali, gaɓar ta riƙa ciwo, wani lokaci ta kumbura. Shekaru, ƙiba, tsohon rauni, da aikin da ke sa yawan tsuguno da ɗaukar kaya, duk suna kawo shi. Ya fi yawa ga mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Ga yadda ake gane shi. Ciwon yana ƙaruwa da aiki, ya lafa da hutu. Da safe gaɓar takan riƙe, amma ta saki kafin rabin awa. Ana jin ƙara a gwiwa. Tashi daga tabarma, tsuguno a banɗaki da hawa bene su ne suka fi wuya.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma ciwon yana raguwa ƙwarai idan aka ƙarfafa tsokar cinya, aka rage nauyi. Duk kilo ɗaya da mutum ya rage, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Misali na 1. Wata mai tuyar ƙosai, 'yar shekara 58, tana wuni a kan 'yar kujera gaban kasko. In za ta tashi, sai ta dafa ƙasa da hannu biyu. Babu zazzaɓi, gwiwar ba ta yi ja ba, kuma abin ya shekara biyu yana zuwa sannu a hankali.

*Abin lura:* ciwon a cikin gaɓa yake, aiki ke tsananta shi, hutu ke lafar da shi.

*Abin yi:* ta je a duba ta. Ta koma kujera mai tsayi, ta ɗaga murhun daidai da ita. Kullum safe da yamma ta zauna, ta miƙe ƙafa ɗaya sosai, ta ƙirga zuwa goma, ta sauke, har sau goma, sannan ta yi wa ɗayar. In ta rage kilo 5, lissafin shi ne 5 sau 4: gwiwarta ta huta da nauyin kusan kilo 20 a kowane taku.

A kula: gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, ba amosanin tsufa ba ne. Mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma suna iya lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki.

3. Ciwon da ke zuwa ta jijiyar laka

(a) Ciwon da ke saukowa daga baya. Babbar jijiyar lakar jiki duka tana fitowa daga ƙasan baya, ta ratsa mazaunai, ta bi bayan cinya har ƙafa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani faifai mai taushi. In ya turo waje ya danne tushen jijiyar, sai mutum ya ji ciwo yana fizga daga kwankwaso zuwa ƙwauri, yawanci a ƙafa ɗaya. Tari, atishawa, sunkuyo da dogon zama suna tayar da shi. Ƙafar ke kuka, amma a baya matsalar take. Shi ya sa tsaga ko ƙaho a dambubu ba su kai ga tushen ciwon. Ana yawan ganinsa ga manoma, 'yan dako, direbobi da teloli.

Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako huɗu zuwa shida. Kwanciya ta kwana da kwanaki ba ta taimakawa. Gara a riƙa 'yar tafiya gwargwadon iko, a dakata da ɗaukar kaya masu nauyi.

(b) Lalacewar jijiya saboda ciwon suga. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan cinye ƙananan jijiyoyin laka, ya fara daga yatsun ƙafa biyu ya yi sama. Mutum zai ji tafin ƙafarsa yana raɗaɗi, ko yana sukarsa, musamman da dare. Daga baya ƙafar ta sage, ta daina ji. A nan haɗarin yake, domin ciwo shi ke gargaɗin mutum. Wanda ba ya jin ƙafarsa zai taka ƙusa bai sani ba.

Kuturta ma tana kashe ji a ƙafa da hannu. Tana warkewa da magani, kuma kyauta ake ba da maganinta a cibiyoyin gwamnati.

Misali na 2. Wani dattijo mai ciwon suga ya matso da ƙafafunsa kusa da kaskon garwashi a daren hunturu, barci ya ɗauke shi. Da safe jikarsa ta ce, "Kaka, me ya sami dunduniyarka?" Ya duba, ga bororo ya tashi, shi kuwa bai ji komai ba. Ya ce ai tunda ba ya zafi, ba komai.

*Abin lura:* rashin zafin shi ne alamar cewa jijiyar ta lalace. Ƙaramin rauni a ƙafar mai suga yana iya zama gyambo, ya ruɓe, har a kai ga yanke ƙafa.

*Abin yi:* a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a fasa bororon, kada a barbaɗa komai, a kai shi asibiti a ranar.

> Akwatin tunatarwa: ƙafar mai ciwon suga
> A duba ƙafa kullum, har tsakanin yatsu da tafi. In ido bai gani sosai, wani ya duba.
> Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida.
> A zazzage takalmi, a sa hannu a lalube shi kafin a sa ƙafa.
> Bayan alwala ko wanka, a tsane tsakanin yatsu.
> A gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba.
> Kada a yanke kanta ko ƙirci da reza.

(c) Shanyewar ɓarin jiki. Idan jini ya katse ga wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiyar jini ta fashe a ciki, ƙafa da hannun ɓangare ɗaya sukan mutu nan take, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Hawan jini ne babban mai kawo shi. Ba a jira a ga abin da gobe za ta yi. Asibiti ake nufa a lokacin.

4. Ciwon da ke zuwa ta jijiyar jini

(a) Jini ba ya isa ƙafa. Maiƙo yakan taru a cikin jijiyoyin da ke kai jini, hanyar ta tsuke. Ku tuna magudanar ruwa a lambu da taɓo ya cinye rabinta: ruwan da ke wucewa zai ishi fangali ɗaya, amma in aka buɗe goma, sai na ƙarshe su bushe. Haka ƙafa take. In mutum na zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishe ta. Da ya fara tafiya, tsoka ta nemi ƙari ta rasa, sai dambubu ya ɗaure. In ya tsaya cik na 'yan mintoci, ciwon ya tafi. In ya ci gaba, ya dawo bayan tafiya mai tsawon ta farko. Shan taba, ciwon suga, hawan jini da yawan maiƙo a jini su ke jawo shi. Mai wannan ciwo yana cikin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, domin toshewar ba a ƙafa kaɗai take tsayawa ba.

Maganinsa na farko barin taba. Na biyu tafiya: a yi ta har ciwon ya zo, a tsaya ya lafa, a ci gaba, na kimanin minti 30, aƙalla sau uku a mako, har wata uku. Likita zai ƙara da magunguna.

(b) Jini ya daskare a hanyar komawa. Wani lokaci gudan jini yakan toshe babbar jijiyar da ke mayar da jini. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta ɗau ɗumi, dambubu ya riƙa ciwo. Ya fi samun masu ciki da masu jego, wanda aka yi wa tiyata, wanda ya daɗe a kwance, da wanda ya yi doguwar tafiya a takure cikin mota ko jirgi. In gudan ya ɓalle, huhu yake nufa, kuma yana kisa.

Misali na 3. Wata maijego, kwana goma da haihuwa, ta ce wa uwar mijinta, "Inna, ƙafata ta hagu ta yi nauyi." Aka duba, ta fi ta dama kauri. Inna ta ce a kawo man zafi a murza, a gasa da ruwan wanka.

*Abin lura:* ƙafa ɗaya ce, ga kumburi, ga jego. Makonni shida na farko bayan haihuwa, wato kusan kwanakin arba'in, su ne lokacin da wannan ciwo ya fi zuwa.

*Abin yi:* kada a murza, kada a matsa. A kai ta asibiti a ranar, a ba ta maganin da ke hana gudan girma. In numfashi ya fara yi mata wuya ko ƙirji ya soke, ko minti ɗaya kada a ƙara.

Idan kuwa ƙafafu biyu ne suka kumbura tare, sai a binciki zuciya, ƙoda da hanta. Ga mai ciki, in kumburin ya kai fuska, ga ciwon kai, a gaggauta auna jininta.

> Akwatin kalmomi na 2
> Amosanin gaɓɓai: cinyewar guringuntsin gaɓa a hankali.
> Sagewa: raguwar ji ko ɗaukewarsa a wani sashe na jiki.
> Gyambo: rauni a fata da ya daɗe bai warke ba.
> Gudan jini: jinin da ya daskare a cikin jijiya ya tare hanya.
> Gashin ƙashi: sashen asibiti da ake koyar da motsa gaɓoɓi da ƙarfafa tsoka don dawo da tafiya.

5. Targaɗe, karaya da ɗori

Targaɗe rauni ne a igiyoyin da ke riƙe gaɓa, ƙashi bai karye ba. A kwana biyun farko a hutar da ƙafar, a ɗaga ta a kan matashi, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Amma in mutum ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko siffarta ta sauya, a ɗauki hoton ƙashi.

Masu ɗori sun daɗe a cikinmu, suna kusa da jama'a, kuma mutane sun yarda da su. Sai dai akwai abin da hannu ba ya gani sai hoto. Akwai kuma haɗari guda da kowa ya kamata ya sani. Karaya tana kumbura. In aka ɗaure karan ɗori tamau, kumburin ya rasa inda zai je, sai jini ya katse. Cikin sa'o'i kaɗan tsoka takan fara mutuwa.

Misali na 4. Wani ɗan acaɓa ya karye a ƙwauri, aka ɗora shi da yamma. Cikin dare ciwon ya ninka, yatsunsa suka yi sanyi, suka fara duhu. Wansa ya ce, "Daure ƙane, ɗori ne yake kamawa."

*Abin lura:* ɗorin da ya yi daidai rage ciwo yake yi. Ciwo mai ƙaruwa, yatsu masu sanyi, duhu ko sagewa, alama ce jini ya tsaya.

*Abin yi:* a sassauta ɗaurin nan take, a tallafe ƙafar, a tafi asibiti a daren. Wannan doka ta shafi filastar asibiti ma in ta matse.

Karayar da ƙashi ya huda fata, ta cinya, ta ƙugu, da wadda ta shiga gaɓa, duk na asibiti ne tun farko. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959, aikinsa ke nan, kuma manyan asibitocin jihohi suna da sashen ƙashi.

6. Idan yaro ne ke ɗingishi

Yaro ba ya ɗingishi a banza. Ga abubuwan da ake dubawa.

Ɗingishi da zazzaɓi. In yaro ya ƙi taka ƙafa, jikinsa da zafi, ana tsoron ƙwayoyin cuta a ƙashi ko gaɓa. Wani lokaci zai nuna gwiwa alhali ciwon a ƙugu yake.

Sikila. A Nijeriya ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara. Tana kawo matsanancin ciwon ƙashi, gyambo a idon sawu, da mutuwar kan ƙashin cinya a cikin ƙugu. Mai sikila da ya fara ɗingishi ko ciwon matsematsi yana buƙatar hoton ƙugu da wuri. Gwajin jini kafin aure shi ne rigakafinta.

Shan-inna. Ƙwayar cuta ce da ke shanye ƙafa farat ɗaya, ta bar ta a sake. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Amma akwai wani nau'i da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ya sa ba a daina ɗiga maganin ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ta saki ba zato, a kai rahoto asibiti mafi kusa.

Allura a wurin da bai dace ba. Babbar jijiyar nan da ta ratsa mazaunai, allura tana iya samunta, ƙafar ta shanye. Kada a bar wanda bai koya ba ya yi wa yaro allura.

Lanƙwasar ƙafa. Ƙafar baka ko gwame mai tsanani yakan zo ne daga laushin ƙashi. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalilinsa a wajen yaranmu. Nono, madara da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya suna ɗauke da shi. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe ciki kuwa, ana miƙar da ita da filasta da ake sauyawa mako-mako, galibi ba tare da babbar tiyata ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a kai shi tun a makonnin farko.

> Akwatin gaggawa: alamomin da ba a kwana da su
> 1. Ƙafa ta yi sanyi, ta koɗe ko ta yi duhu, ga ciwo mai tsanani farat ɗaya.
> 2. Ƙafa ɗaya ta kumbura, musamman in ga wahalar numfashi.
> 3. Ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe.
> 4. Ciwon baya tare da riƙewar fitsari, ko zubar fitsari ko bayan gida ba sani, ko sagewar matsematsi.
> 5. Gaɓa mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi.
> 6. Kowane irin rauni a ƙafar mai ciwon suga.
> 7. Ciwo mai ƙaruwa bayan ɗori.
> 8. Yaron da ya ƙi taka ƙafa, ko ƙafarsa ta saki.
>
> Ciwon ƙashi ko na baya da ke hana barci, tare da rama ko zufar dare, shi ma a kai a bincika cikin 'yan kwanaki, domin tarin fuka da ciwon daji suna kama ƙashi.

7. Yadda ake bayani a asibiti

Bayanin majiyyaci shi ne rabin bincike. Kafin ku tafi, ku shirya amsar tambayoyi biyar: A ina ciwon yake? Yaushe ya fara? Yaya kuke jinsa? Me ke tayar da shi, me ke lafar da shi? Wane ciwo kuke da shi dama, kuma wane magani kuke sha?

Misali na 5.

"Sannu Baba. Ina ne ke maka ciwo?"

"Yawwa 'yata. Nan ne, dambubun dama. Wata huɗu ke nan."

"Yaya yake yi maka?"

"Ɗaurewa yake. In na fito gida zan tafi masallaci, daidai shagon mai shayi sai ya kama ni. In na tsaya kaɗan ya sake ni. Kullum a nan yake kama ni."

"Kana shan taba, Baba?"

"Na shekara talatin ina sha. Ina kuma da hawan jini. Ga kwalayen magungunan na zo da su."

Da wannan bayani, malamar asibiti ta san inda za ta dosa: za ta taɓa bugun jini a ƙafarsa, ta auna suga da hawan jini. Da cewa ya yi "sanyi ke damuna" ya yi shiru, da wataƙila maganin ciwon jiki kawai zai koma da shi.

8. Kula da mai ciwo a gida

Magani. Babban mutum ba ya wuce ƙwayar farasitamol 8 masu nauyin miligiram 500 a cikin awa 24, biyu-biyu, da tazarar aƙalla awa huɗu. Diklofenak da ibufurofen suna rage ciwo, amma yawan shansu yana ƙwaƙule ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. A guji haɗin ƙwayoyi marasa suna da ake ƙullawa a leda. Sau da yawa akwai deksametason a ciki, mai sa a ji garau yau, amma in an daɗe ana sha ya kumbura fuska, ya tayar da suga, ya raunana ƙashi. Tiramadol kuma yana kama mutum ya kasa bari.

Sanda. Ana riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. In gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu. Sanda da ƙafa mai ciwo su tafi gaba tare, sannan mai lafiya ta biyo. Tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu in mutum ya miƙe ya saki hannunsa. A sa mata roba a gindi. Wajen hawa matakala, ƙafa mai lafiya ke fara hawa. Wajen sauka, mai ciwo ke fara sauka.

Gida. A kawar da igiya, turmi da tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanya. A sa fitila a hanyar banɗaki, a kafa abin dafawa, a samar da kujera mai rami ga wanda ba ya iya tsuguno. Addini ya sawwaƙa wa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune.

Mutunci. Wanda tafiya ta gagare shi bai gaza a hankali ko sana'a ba. A ci gaba da shawara da shi, a fitar da shi cikin mutane. A Nijeriya akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, kuma ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko sanda zai iya shiga.

Taƙaitawa

Ƙafa tana tafiya da ƙashi da gaɓa, tsoka, jijiyar laka da jijiyar jini. Ciwon gaɓa yana ƙaruwa da aiki. Ciwon jijiyar laka yana fizga, ko raɗaɗi, ko sagewa. Ƙarancin jini yana ɗaure dambubu a tafiya, ya saki a tsaye. Ciwon da ya zo sannu a hankali yana ba da lokacin shiri. Wanda ya zo farat ɗaya, ko ya zo da zazzaɓi, kumburi, sanyin ƙafa ko mutuwar jiki, na gaggawa ne.

Tambayoyin bita

*A. Amsa a taƙaice*

1. Kawo abubuwa huɗu da ƙafa ke dogara da su wajen tafiya.
2. Mene ne aikin guringuntsi?
3. Me ya sa raunin da ba ya zafi a ƙafar mai suga yake da haɗari?
4. Kawo alamomi biyar da ba a kwana da su a gida.
5. Waɗanne tambayoyi biyar ya kamata a shirya amsarsu kafin zuwa asibiti?

*B. Gaskiya ko kuskure? Faɗi dalili.*

6. Ana riƙe sanda a ɓangaren ƙafa mai ciwo.
7. Idan ƙafar maijego ɗaya ta kumbura, a murza ta da man zafi.
8. Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗori alama ce ƙashi yana haɗewa.
9. Tunda an kawar da asalin ƙwayar shan-inna, an gama da rigakafi.

*C. Lissafi*

10. Mutum ya rage kilo 7. Kimanin kilo nawa gwiwarsa ta huta da shi a kowane taku?
11. Wata mata ta sha farasitamol biyu da asuba, biyu da hantsi, biyu da la'asar. Guda nawa suka rage mata kafin ta kai iyaka?

*D. Me za ka yi?*

12. Wani ɗan dako yana jin ciwo na fizga daga kwankwaso zuwa ƙwauri in ya yi tari. A ina matsalar take? Wace alama ce in ta ƙaru za ka kai shi asibiti nan take?
13. Yarinya 'yar shekara huɗu ta tashi da safe ta ƙi taka ƙafar hagu, jikinta da zafi. Kakarta ta ce a jira kwana biyu. Me za ka ce mata, kuma ta yaya za ka faɗa cikin ladabi?

*E. Aikin gida*

14. Zagaya gidanku, ka rubuta abubuwa uku da za su iya kayar da tsoho ko mai sanda, da yadda za a gyara kowanne. A kawo amsa a darasi na gaba, a tattauna a aji.